Daminar da Na Tsayar da Kogin Haɗeja

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na tsayar da Kogin Haɗeja cak ba (a fuskar kwamfuta dai, kar ku tsorata).

Na dawo daga karatu kaina fal mafarkai, sai na haɗa wa ƙungiyar manoman shinkafa ta su Kawuna, can wajen Guri, wata manhaja. Akwai na'ura a bakin kogi mai auna tashin ruwa tana adanawa. Manhajata takan ce wa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, "karanto min," ta wuce abinta ba ta jira. Sai dai akwai kira na biyu, inda za ta koma ta tambaya ko an gama karantawa, ta kwashi amsoshin. Kamar kafa gura ne a ruwa, dole ka dawo ka duba kifin da ta kama. Wannan kira na biyu shi na rufe lokacin gwaji, na manta ban buɗe ba.

Kullum da la'asar ina rumfar ƙungiya, ina kallon balbelu suna sauka a fadama, ina hango kaina a babban taro ana tafa min. Lambar tashin ruwa da ke fuskar kwamfuta kuwa ko gezau. (Wallahi har na fara jin kamar kogin ne yake jin kunyata.)

Kawu ya yarda da ni fiye da idonsa. Maƙwabta suka fara yankan shinkafa, shi ya ce a bar tasa ta ƙara nuna. "Ɗana ya ce ruwa bai taso ba."

Ranar taron ƙungiya ina tsaka da zuba bayani, sai na ji sanyi a ƙafa. Ruwa ne ya shigo rumfar, har ya yi gaba da takalmina ɗaya. Na duba manhajar, na ga kiran nan a rufe, na yi maza na buɗe. Nan take amsoshin da suka daɗe suna jirana suka ɓarke, lamba tana hawa tana hawa, kowa yana kallo.

Kawu ya dube ni. "Wato tun tuni aka amsa maka, ɗana?"

"An amsa, Kawu. Ni ne ban je na karɓa ba."

A kwalekwale muka yanki abin da ya saura. Rabin gonar ruwa ya ci, kuma Kawu bai taɓa yi min gori ba, abin da ya fi min ciwo kenan. Har yau ko gaisuwa na aika wa mutum, ba na samun barci sai na koma na ji ko ya amsa.