Sunan da Ya Fi Ƙarfin Kwamfuta

Allah ya yi wa ƙasar Goronyo baiwa biyu: dam da Maccido. Shi dam ruwa kurum yake tarawa. Maccido kuwa ilimin kwamfuta ya tara, har yana ambaliya ta aljihun gaba, inda ya jera filas-filas na ajiyar bayanai kamar lambobin yabo.

Ƙungiyar manoman rani ce ta ɗauke shi ya kula da wata kwamfuta mai aiki da kanta. Kullum da safe takan haɗa saƙo ta tura wa manoma ta waya: yau layi kaza ne da ruwa, ku buɗe. Wanda bai samu saƙo ba, rabonsa ya wuce. A ƙasan saƙon akwai gurbin sa hannu, an rubuta Ƙungiya. Kwamfutar ba ta taɓa fashi ba, abin da ya tabbatar wa Maccido tana bukatar gyara.

Ya goge Ƙungiya, ya rubuta Injiniya Alhaji Kwamared Maccido Garkuwan Fasaha. Hajjin dai niyya ce tukuna, garkuwar kuma a teburin mai shayi aka naɗa shi, amma wa zai tsaya bin diddigi?

Kashegari saƙo bai fita ba. Ita kwamfuta baƙauya ce: in ba a rufe mata dogon suna cikin alamun zance ba, kowace kalma sai ta ba ta aiki daban. Ta karɓi Injiniya a matsayin sa hannu, ta ɗauka Alhaji lambar waya ce, ta nemi Alhajin nan ta rasa, ta yi zamanta.

Maccido ya fito ƙofar ofis ya yi wa manoma jawabi.

"Jama'a, wanga ba ƙaramin al'amari na ba. Zahi na ya taɓa mata ƙwaƙwalwa. Ku gode Allah da ina nan."

Aka kawo fanka. Kwamfuta ta sha iska, ba ta tura komai ba. Ya ce sabis ne, ya hau rufi da eriya ɗaure a gora, iska ta tafi da hularsa. Daga nan ya gano asalin maganar: 'yan kutse ne daga ƙasashen waje, masu hassadar albasar Goronyo.

A ɓoye ya leƙa intanet. Aka ce ya sa alamar zance gaba da bayan sunan, shi ke nan. Ransa ya ɓaci. Matsalar da ta hau da shi rufi, a ce 'yan ɗige-ɗige ne maganinta? Ya dai gwada a wulaƙance, ya buɗe bai rufe ba, ya yanke hukunci cewa mutanen intanet ba su yi karatu ba.

Dashen albasa kuwa ya fara langaɓewa, ana ta cacar baki a bakin magudana. Baba Lawwali, shugaban ƙungiya, ya dogaro sandarsa har ofis.

"Maccido ɗana, mi kat taɓa?"

"Baba, ranka shi daɗe, ban taɓa komi ba sai ci gaba."

"To mai da ci gaban inda kaɗ ɗauko shi. In gobe waya ba ta yi ƙara ba, mu koma ga mai shela, kai kuma ka huta."

Maccido ya rufe ƙofa, ya fara rage kaya kamar mai sayar da dabbobinsa ɗaya bayan ɗaya. Garkuwa ta tafi. Kwamared ya bi ta. Ya cire Alhaji yana istigfari. Kwamfuta ta ƙi. Saura Injiniya Maccido, kuma ya lura kalma ɗaya tak take so. Ya daɗe yana kallon sunan da mahaifinsa ya raɗa masa, cikin ƙauna da girmamawa, sannan ya goge shi.

Da safe wayoyi suka yi ƙara daga Goronyo har gefen Wurno: ku buɗe ruwa, sa hannu Injiniya. Albasa ta miƙe, Maccido ma ya miƙe.

Da aka cire albasa, labari ya iso masa cewa manoma sun haɗa buhuna za su kai wa Injiniya tukuici. Ya sa babbar riga, ya fesa turare, ya tsaya ƙofar ofis yana bitar jawabi. Jakuna suka taho a jere, suka gifta shi, suka tsaya a rumfar wani tsoho mai gyaran injin ban ruwa, wanda duk yankin ba a san wani Injiniya ba sai shi. Tsohon ya ce bai tuna abin da ya yi ba, amma Allah shi saka.

Mai jakin ƙarshe ya waiwayo.

"Kai Maccido, tunda ka yi ado kana tsaye banza, zo kama muna mu sauke."