Ajiyar Kwandon Shara

"Lafiya lau na tashi, ganinki ne dai ya ɓata mini safiya."

"Ganina? Da wane idon, angona?"

Tsohon akawu ne da jikarsa, mai gyaran kwamfuta. Kwamfutar da ke kan teburinsa ta ɗansa ce, mahaifinta, wanda ya rasu shekara uku da suka wuce. Ta tsufa, tana ɗaukewa ana cikin aiki. Jikar ta zo ne ta sauke tsohuwar manhajar da ke tuƙa ta, ta ɗora sabuwa. Irin wannan aiki, abin da ba a kwashe ba kafin a fara, ya tafi ke nan.

"Ke da akwatin nan duk kanwar ja ce," in ji shi. "Ga ƙara, babu aiki."

"Ai ita sa'arka ce. Sai an tashe ta sau uku, ta yi tari, sannan ta tuna sunanta."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Zuma aka ce, ba tsohon akawu ba. Ni fa na gaji da auren nan. Miji ba haƙori, ba gado."

"Ki yi haƙuri, saura ƙiris. Likita ya ce ba za ki daɗe kina jira ba."

Ta soka filas, ɗan abin adana bayanai, a gefen kwamfutar, ta yi ta kwashe kaya. Shi kuwa yana zaune a bakin gado, hannu biyu a kan sanda.

"Na gama," ta ce. "Takardun asibiti, hotuna, har wasiƙun da kake rubuta wa 'yan matanka da suka riga ka kwanciya. Yanzu zan share ta tas. Da na danna nan, babu kome."

"Gaggawa dai gadonki ce. Wata bakwai aka haife ki."

"Na ji an ce kana da gemu, na fito in tsige."

Ya juya yana kallon taga. Can ya ce, "Kin duba kwando?"

"Wane kwando?"

"Na kusurwar allo."

"Kwandon shara? Kaka, nan fa ake zuba abin da aka yar. Wa yake kwashe shara in zai tashi daga gida?"

"Shekara talatin na yi a ofis. Takardar da ba zan iya karantawa ba, ba zan kuma iya yagawa ba, a kwando nake ajiye ta. Mai shara ya sani, ba ya taɓawa."

Ta janye yatsanta daga madanni a hankali, ta buɗe kwandon. Abu ɗaya ne a ciki, saƙon murya na minti biyu. Ta dubi kwanan watan da ke jikinsa. Duk gidan babu wanda bai san wannan makon ba, makon da mahaifinta ya rasu.

"Daga asibiti ya turo?"

"Sau ɗaya na ji. Kullum na kunna sai in gan shi a allo yana kallona. Shi ne na sa shi inda ba zan gani ba."

"Ban taɓa sanin akwai shi ba."

"Ba ki tambaya ba. Ke dai tsige gemu."

Ta mai da saƙon wurinsa, ta kwafa a filas, ta cire, ta sake sokawa don ta tabbata ya shiga.

"Mutum mai wayo a ofis, ya zo yana ɓoye dukiya a bola," ta ce. "Dubi wanda na aura wa kaina."

Ya yi dariya har tari ya kama shi.

"Kin ci, amarya. Kwafi biyu za ki yi, ɗaya naki ne. Ya ambaci sunanki wajen ƙarshe. Amma ki bari sai kin je gida."