Sarkin Ɗumame da Tasoshin Kakanni

Duk faɗin Gumi, garin da ake ƙera kayan lantarki kamar ana suyar ƙosai, babu wanda ya san injin ɗumama abinci kamar Pyo Man-sik. Mai shakka ya je ya tambaye shi. Shekara talatin da ɗaya ya yi a masana'antar da ke ƙera injin, kuma da bakinsa yake faɗa cewa babu guda ɗaya da ya bar kamfanin bai bi ta hannunsa ba. Bai yi ƙarya ba. Shi ne a ƙarshen layi, yana liƙa wata 'yar farar takarda a jikin ƙofar kowane inji kafin a sa shi a kwali. Da ya yi ritaya sai ya buga kati mai ɗauke da "Mashawarci kan Ilmin Zafi", yana raba wa har masu sharar bene. A gabansa maƙwabta na ce masa Injiniya. Da ya ba da baya sai su ce Sarkin Ɗumame ya wuce.

Wanda tsautsayi ya haɗa da shi a lif ya sha karatu daga hawa na sha huɗu har ƙasa. Girki a kan wuta, a wurinsa, aikin mutanen kogo ne, mata kuwa suna daɗewa a kicin ne don ba su yi kimiyya ba. Shi dai bai taɓa dafa ko ruwan shayi ba, amma ai babban likita ma ba shi ke wanke miki ba.

Abu ɗaya ya fi katin nan daraja a idonsa, shi ne tasoshin tagulla na gidansu. Shi ne babban ɗa, don haka a gidansa suke. Kowace safiyar bikin girbi na Chuseok a falonsa dangi ke taruwa, a jera wa iyaye da kakanni da suka rasu abinci a cikin tasoshin, a buɗe murfin shinkafa tururi na tashi, a kafa cokali a tsakiya, maza su kai goshi ƙasa. Shi ke tsayawa a gaba cikin baƙar kwat, yana gyaran murya. Matarsa Sun-ja ita ke kwana biyu a tsaye tana suya, shekara talatin da huɗu ke nan, ba ta taɓa buga kati ba.

Bana, saura sati biyu biki, Sun-ja ta zame a banɗaki ta karya hannun dama. Baffa Gi-tae, ƙanin mahaifinsa, wanda ya haura tamanin kuma maganarsa ce yanke a dangi, ya bugo waya. Ya ce idan gidan ba zai iya ba babu abin kunya, a kai tasoshin zuwa birnin Daegu wurin Man-ho, ƙanin Man-sik. Ran Man-sik ya ɓaci ƙwarai, don babban ɗan da aka kwashe wa tasoshi sunansa kawai ya rage.

"Baffa, ka manta da wa kake magana?" in ji shi. "Abin da mata ke yi a kwana biyu, minti arba'in ya ishe ni. Ku zo ƙarfe takwas ku ga aikin ilmi. Kafin tara kakanni sun zauna cin abinci."

Baffa ya ce to, za su gani. Sun-ja na zaune da hannu a rataye a wuya, ta ci gaba da kallon talabijin.

Ranar biki baƙi suka tarar da shi sanye da farar rigar masana'anta a kan kwat, biro uku a aljihu. Hye-ran, matar ƙanin nasa, ko jaka ba ta ajiye ba ta nufi kicin tana roƙon Yaya ya bari ta kama masa. Da zuciya ɗaya take roƙon, don ta san idan tasoshin suka koma Daegu ba Man-ho ne zai yi suyar ba. Ya ɗaga mata hannu ya ce ɗakin gwaji ba wurin 'yan kallo ba ne.

Ya fara da kifi. Ya ciro shi daga ƙanƙara tauri kamar itace, ya tura ciki, ya murɗa zafi har ƙarshe, don a ilminsa ƙaramin zafi na matsorata ne. Kifi ya fito wutsiya ta ƙone, ciki kuwa ƙanƙara na nan daram. Ya dube shi da kyau, ya sanar da jama'a cewa kifin bana ba shi da inganci. Sai ya jera ƙwai shida da ɓawonsu. Yana tsakiyar bayanin yadda zafi ke ratsa abu ne aka ji ƙara kamar an fasa taya. Baffa ya dafe ƙirji. Sarkin Ɗumame ya buɗe ƙofa, ya goge gwaiduwa daga tabarau, ya ce kajin zamani ne, ba a ba su abinci mai kyau.

Saura kwata tara. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, amma kazar nan ba ta san da haka ba. Ya ce shinkafar kakanni ba za ta taɓa kwanon roba ba, a tasarta ta gado za ta yi zafi. Ya cika tasa, ya rufe da murfinta, ya ɗora cokalin tagulla a kai don girmamawa, ya latsa. Walƙiya shuɗiya ta cika injin, tartsatsi na ta ƙara, sannan komai ya ɗauke, har firij da talabijin.

Nan fa ilmi ya motsa. Ya kara kunne a jikin injin, ya ƙwanƙwasa gefensa da biro, ya shinshina bayansa. Ya yanke hukunci cewa zuciyar injin ta ƙone, gyara sai an aika wa kamfani, kuma laifin masu ba da wuta ne da suka turo ta da ƙarfi ranar biki. Baffa dai agogo yake ta kallo.

Sai a lokacin Sun-ja ta tashi. Ta je bakin ƙofa, ta buɗe ɗan akwatin wutar lantarki da ke saman ma'ajiyar takalma, ta tura maɓallin da ya faɗo da hannun hagu. Wuta ta dawo. Ta sa Hye-ran ta goge cikin injin, ta gwada shi da kofin ruwa, ruwa ya yi zafi. Ta juye shinkafa a kwanon gilashi, ta yayyafa ruwa, ta rufe ta bar 'yar kafa. Da ta yi rabi aka juya ta, da ta gama aka bar ta ta huta minti biyu, sannan aka zuba a tasoshin da aka ɗauraye da ruwan zafi. Wani kifin da ta sa ya narke a firij tun jiya, ba tare da ta gaya wa kowa ba, ya dahu a matsakaicin zafi, gefe mai kauri na kallon waje. Goma saura kaɗan tururi na tashi a gaban hotunan kakanni, Man-sik na gaba yana gyaran murya, da ɗan ɓawon ƙwai a gashinsa.

Bayan an ci abinci Baffa ya ajiye cokali ya ce a nemo kwali, tasoshi za su bi Man-ho. Hye-ran ta yi fuskar wadda aka aiko wa saƙon rasuwa. Sun-ja ta sunkuyar da kai kamar mai baƙin ciki, sai dai kafaɗunta sun sauka irin saukar da ba su yi ba tun tana amarya.

"Baffa, a yi adalci," in ji Man-sik. "Tagulla ce ba ta jituwa da injin. Da kamfanonin nan na da mutunci, ai da sun gargaɗi jama'a."

Tsoho ya miƙe da sandarsa, ya taka har kicin, ya sa tabarau, ya duƙa gaban ƙofar injin inda wata 'yar farar takarda ke liƙe. Ya karanta a hankali yadda kowa zai ji: kada a sa ƙarfe, kada a sa ƙwai da ɓawonsa. Ya ɗago ya tambaya wa ke liƙa wannan.

"Aikin Baban Ji-won ne, Baffa," in ji Sun-ja tana nuna mijinta. "Dubi yadda ta miƙe, ko karkacewa babu. Shekara talatin da ɗaya yana liƙawa, ina ya ga lokacin karantawa?"