Limamin Kifaye

Shekara guda bayan rasuwar matata, 'yarmu Samira ta ɗauke ni daga gidanmu na Glenwood zuwa wani tsibiri, wai in ga cikin teku. Da mai koyar da nutso yake jaddada cewa kada kowa ya saki bututun numfashi daga bakinsa, kai kawai na gyaɗa. Ni da na yi ƙuruciya a kogin Volta, wa zai koya mini ruwa?

Muka sauka da tukunyar iska a baya. Ashe kifaye ma unguwa-unguwa suke zaune! Ina ta leƙe-leƙe, sai ga wani ƙaton kunkuru yana tafe a natse kamar dattijo zai tafi Juma'a. Irinsa ne marigayiya take barin girki ta kalla a talabijin. Na juya, na buɗe baki. Bututu ya fita, ruwan gishiri ya shiga.

Mai koyarwar ya mayar mini da shi, ya hauro da ni. Ina amai a cikin jirgin ruwa, Samira ta ce, "Baba, me kake son faɗa?"

Na ce, "Subhanallah." Ban iya gaya mata cewa "Maman Samira, kin gani?" zan ce ba.

Labari ya riga mu isa masallaci. Har yau in abokina Alhaji Issaka ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Limamin kifaye! Sahu ya cika?"

Nakan ce masa, "Saura mutum ɗaya."