Rasuwar Shuɗiya, Rumfar Si Bushaib

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ƙeya da rana ke duka ba shamaki, iyalan Si Bushaib na Sidi Bennur suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk maƙwabtansu na zangon bakin teku a Walidiyya, rasuwar rumfarsu wadda aka fi sani da Shuɗiya. Ta rasu ranar Talata bayan la'asar, a bakin aiki, da baƙo zaune a ƙarƙashinta. Ta tafi ta bar 'yar tirelar gidan tsirara, ta kuma bar kuskus ɗin Juma'a ba wurin zama, wanda shi ne abin da ya hana maigidan sakat tun ranar.

Waɗanda suka san gidan da daɗewa za su tuna yadda ake ciki kafin zuwanta. Da Si Bushaib ya ajiye tuƙin motar fasinja, sai ya sayi wata 'yar tirelar kwana, irin wadda ake ɗaura wa mota a baya, don shi da matarsa Lalla Rkiya su riƙa cin lokacin zafi a bakin ruwa. Ya jawo ta har ƙofar gida yana murmushi. Lalla Rkiya ta leƙa ciki, ta ga gado ɗaya da murhu ɗaya da taga mai faɗin faranti.

Ta ce, "To, ni a ina zan zauna?"

Ya ce, "A kan gado."

"Kai fa?"

"Ni ma a kan gado."

"Baƙo fa, Si Bushaib? Ko shi ma a kan gadon?"

Shi kuwa da aiki yake amsawa, ba da baki ba. Kashegari ya tafi wurin wani mai ɗinka tamfol ɗin manyan motoci, ya zaɓi shuɗi mai kauri. Ya kafa dogon ƙarfe mai kwari a gefen rufin tirelar, ya zura bakin tamfol ɗin a ciki, ya yanko sanduna biyu daga tsohon bututun ban ruwa, ya sayo igiya da turaku. Haka aka haifi marigayiya. Ranar da ta fara tsayuwa ta ɗan karkata hagu, kuma haka ta rayu har ƙarshe, ba ta taɓa jin kunyar hakan ba.

Daga nan ta yi ta bunƙasa. Shekara ta zagayo aka yi mata bangon kara ta arewa. Lalla Rkiya ta rataya labule ta ɓangaren girki, don ta yanka albasarta ba da idon maza ba. Aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora darduma a kai, aka jera matasai, aka kawo gajeren tebur da fitila mai aiki da hasken rana da tukunyar na'ana'a. Abin dai ya kai tirelar kanta ta koma kamar ɗakin ajiya da aka jingina wa falo. Rana ta ci launin marigayiya har ya koma ruwan toka, amma sunan bai bar ta ba. Baƙon da ya shigo zango yana neman Si Bushaib, sai a ce masa, "Miƙe har ka ga shuɗiyar rumfa." Ya yi ta zagaye bai ga shuɗi ba, sai ƙanshin shayi ya kai shi.

Marigayiya ba ta da wariya. Ta yi wa masunta inuwa in sun kawo kifi, ta yi wa mai tallan ɓaure, ta yi wa kyanwar da ba ta kowa ba. An yi gulmar rabin zango a ƙarƙashinta, ba wanda ya taɓa jin ta a bakinta. Maganarta kaɗan ce, kamar ta mai ita. Da safe, in raɓar teku ta taru, takan ce "ɗis, ɗis" a kan farantin shayi. Da hantsi, in iska mai laushi ta biyo, takan ce "faf, faf" a hankali, kamar tsohuwa tana kaɗe zani.

Babban aikinta kuwa na Juma'a ne. Da an sauko daga masallaci, mazan zango ba sa tambayar juna inda za a nufa. Lalla Rkiya za ta fito da babban akushin ƙasa, kuskus ya yi tudu, kabewa da karas da nama a kai, ga nono a gefe, kowa ya zaro cokalinsa daga aljihu. Si Bushaib yakan zauna daga bakin sandar dama, ba ya ci sosai, sai dai ya riƙa turo nama gaban wanda ya ga yana jin nauyi. Mutum ne da bai iya jan hira ba. Da wannan akushi, a wannan inuwa, yake gaya wa mutane yana son su, kuma ba shi da wata hanyar.

Ciwonta guda ne, iskar arewa da ke tasowa bayan la'asar. Kowa a zangon ya san dokar: da ta fara kaɗawa, a sauke sanduna, a naɗe. Si Bushaib bai taɓa saɓa wannan ba. A bana ta ɗan yi fama da yagewa kusa da sandar hagu, aka ɗinke da zaren kamun kifi, har ana cewa ta samu sauƙi.

Ranar Talata bayan azahar sai ga maƙwabcinsu Si Mbarek, tsohon kukun jirgin ruwa, ya shigo da sallama. Aka ba shi matashi, aka ɗora shayi. Ya kurɓa, ya gyara zama, ya soma ba da labarin yadda akwatinsa ya ɓace a tashar jiragen Tanja. Duk wanda ya san Si Mbarek ya san labarinsa ba ya tafiya a miƙe. Kafin akwati ya ɓace sai an ji wanda ya sayar masa da shi, da ciwon ƙafar matar mutumin. Aka yi la'asar, aka dawo, akwati bai ko iso tasha ba.

Sai marigayiya ta ce, "Faf."

Si Bushaib ya ɗaga ido ya dube ta, ya dubi baƙonsa. Ba a naɗe rumfa a kan baƙo. Wanda ya yi haka, daidai yake da wanda ya ɗauko tsintsiya ya soma shara a ƙafar mutum. Ya sa ƙafa ya take igiya.

Daga bayan labule Lalla Rkiya ta buga ludayi a tukunya. Da ta ji ba motsi ta ce, "Si Bushaib, iska fa."

Ya ce, "Na ji ta."

Si Mbarek ya yi dariya. "Wannan ce iska, Lalla? Allah sarki, ku da ba ku taɓa shiga teku ba! Bari in ba ku labarin iska, sannan mu koma kan akwati."

Marigayiya ta ce, "Faf! Faf! Faf!" Bangon kara ya soma rawa. Si Bushaib ya matsa a hankali, kamar mai gyara zama, ya rungumi sandar hagu da hannu ɗaya, yana gyaɗa kai a duk inda ya kamata. Shaidu sun tabbatar cewa da a haka aka ci gaba, da wataƙila ta kai labari. Amma sai Si Mbarek ya shanye shayinsa ya dire kofin a tebur. Kofi ba komai a gaban baƙo, ga buta cike. Shayi kuma ba a zuba shi da hannu ɗaya kamar ruwan wanke ƙafa. Sai an ɗaga buta sama da hannu guda, ɗayan ya riƙe kofi, har kumfa ta hau. Si Bushaib ya dubi sanda, ya dubi kofi. Ya saki sanda.

Kalmarta ta ƙarshe ita ce, "Ɓarat!"

Ta tashi da sandar hagu gaba ɗaya, ta haye saman tirelolin maƙwabta, ta tsallake tudun yashi, ta faɗa ruwa kusa da kwale-kwalen masunta. Abin lura, shayin bai zube ba, kuma ya yi kumfa. Si Mbarek ya karɓa, ya ɗaga kai ya ga sararin sama, ya ce, "Ikon Allah, wuri ya yi haske." Har yanzu ba wanda ya san ko an ga akwatin.

Masunta ne suka kawo gawar da yamma, su biyu, a naɗe. Aka duba aka ga ta tsage tun daga baki har baki, ba ta ɗinkuwa.

Ta rasu ta bar sandar dama, wadda ke tsaye ita kaɗai ba ta san me take riƙe ba. Ta bar igiyoyi da turaku a ƙasa, da bangon kara wanda ya kwanta tun ranar bai tashi ba, da tukunyar na'ana'a mai jinyar tsagewa. Fitila ta bi ta, ba a ji ɗuriyarta ba. Ta bar Si Bushaib da Lalla Rkiya, da kyanwa, da kuma Si Mbarek, wanda ya nace a sa sunansa cikin masu rashi.

Ranar Laraba Si Mbarek ya zo ta'aziyya, suka tsaya a rana shi da maigidan. Ya ce, "Ɗan'uwa, kada ka sa damuwa. Jibi a kawo kuskus gidana. Rumfata ta kanti ce, fara sol, da rimot ake buɗe ta. Mutum nawa ne? Duk za ta ɗauke."

Si Bushaib ya sunkuyar da kai. Ya san zangon nan: inda aka dire akushi, nan ne gidan kuskus. Juma'a biyu ta isa a soma cewa "mu je na Si Mbarek", shi kuma ya koma baƙo a gaban akushin matarsa. Amma mutum ya yi tayin alheri, da wane baki za a ƙi? Har ya buɗe baki zai ce to, sai Lalla Rkiya ta leƙo daga ƙofar tirela.

Ta ce, "Si Mbarek, kuskus ɗina ba ya yawon gidajen mutane. Rumfarka ce za ta zo."

"Haba Lalla, a jikin tirela take fa."

"Tirelar ba ta da taya ne?"

Si Mbarek ya dubi Si Bushaib yana neman ceto, Si Bushaib kuwa ya riga ya tafi ɗauko makullin mota. Shi da kansa ya ja tirelar maƙwabcin nasa, ya yi baya da ita cikin gwaninta irin ta tsohon direba, ya tsayar da ita daura da tasa, yadda in farar rumfar ta buɗe, bakinta zai sauka daidai kan ƙofarsa. Daga wannan ƙofa akushi zai fito, a gabanta za a dire shi. An ga maigidan ya yi murmushi, karo na farko tun rasuwar.

Game da jana'iza: an wanke marigayiya da ruwan daɗi don fitar da gishiri, an shanya ta. Ba za a binne ta ba. Ɓangaren da ya tsira za a yanka shi a rufe tayoyin tirela da tukunyar gas, don ta ci gaba da abin da ta saba. Maganar ɗinka wata kuwa, maigidan ya roƙi a dakata har zuciya ta yi sanyi.

Za a yi zaman makoki ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ƙofar gidan marigayiya, ƙarƙashin inuwar aro. Ba a buƙatar kuka. Kowa ya zo da cokalinsa.

Ana kuma sanar da masu zuwa cewa rimot ɗin farar rumfa yana hannun Lalla Rkiya, ta ƙulle shi a bakin mayafinta. Ta ce a faɗa wa kowa tun yanzu: da iska ta yi tarin farko za ta danna ta naɗe rumfar, ko wa ke ƙasa, ko a ina labari ya tsaya. Kunya ta riga ta kashe rumfa ɗaya a gidan nan, ba za ta kashe ta aro ba.

Allah ya ba mu haƙurin rashi.