Rasuwar Leopoldina, Kyamarar da Ke Magana da Yawun Anacleto

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, Anacleto Bezerra, mai ɗaukar hoto na Kamfanin Fim na Beberibe da ke Recife, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kyamararsa, Leopoldina, wadda ta cika ranar Laraba da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya a hannunsa.

Marigayiya ta iso garin nan a jirgin ruwa, shekarar da Seu Firmino wanzami ya sayar da kujerun shagonsa ya kafa kamfanin a wani tsohon rumbun sukari. Fim biyar ta ɗauka, duk marasa magana. Biyu sun ƙone, ɗaya an kai shi garin Olinda bai dawo ba.

Baiwar Allah ce mai haƙuri, ba ta cin komai sai ɗigon man keken ɗinki. Da hannu ake murɗa ta, juyi biyu a daƙiƙa, tana cewa "kirrr, kirrr." Duk ɗan sana'a ya san halinta: in ka murɗa a hankali, mutane su fito a majigi suna tsalle kamar fara, in ka yi sauri, su fito suna tafiya sannu-sannu.

Hannun Anacleto bai taɓa kuskure ba, ko a ambaliya, sai fa in Dona Zulmira, tauraruwar kamfanin, ta tsaya a gabansa. Nan zuciya ke dukan uku-uku, hannu kuma ya bi zuciya. Sai ga Zulmira, macen da ke tafiya kamar ta baro tukunya a wuta, ta fito a majigi tana rangwaɗa. Gari ya yi ta yabon natsuwarta. Shekara tara yana sonta, amma abin da ya taɓa ce mata bai wuce "matsa hagu kaɗan" ba. Seu Firmino ya sha yi masa tsiya: "Haba mutumina, ko fim ɗinmu da yake bebe ai muna sa masa rubutu a tsakani!"

Marigayiya ta daɗe tana fama da tsatsar iskar teku, ciwon ya tsananta da fim mai magana ya shigo gari. Ranar Laraba ana ɗaukar Zulmira hoton ban kwana, domin ta sami aiki a birnin Rio, Anacleto ya murɗa da saurin da bai taɓa yi ba. Leopoldina ta ce "ƙas!" Hannunta na murɗawa ya ɓalle a hannunsa, rai ya yi halinsa.

A kan gawar Zulmira ta dube shi ta ce, "Seu Anacleto, ni fa ba makauniya ba ce. Ni da ko coci da gudu nake zuwa, shekara tara ina kallon kaina ina yanga kamar agwagwa. To, mai yi maka magana ta mutu. Saura kai."

Marigayiya ta bar ƙafafu uku na katako, da gwangwanin fim biyu, da mai gida guda wanda ya rasa bakinsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu, a gindin bishiyar kashun da ke bayan rumbu, inda Anacleto zai yi jawabi. Jirgin ruwan Rio zai tashi ƙarfe shida. Dona Zulmira ta ce za ta zo da akwatinta, kuma za ta jira har ƙarfe biyar. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da makaɗa, kada kowa ya yi tari, domin mai jawabin bai saba ba, kuma wannan karon babu ɗauka ta biyu.