Rasuwar Ɗan Ƙiftau, Idon da Bai Taɓa Makara Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, ɗalibar nan ta ɗakin gwaji da ake kira Yaya Duhu, saboda rabin rayuwarta a bayan baƙin labule take yin ta, tana sanar da abokan aiki rasuwar Ɗan Ƙiftau, ƙaramin idon lantarki na silikon mai gane haske, wanda bai kai farcen jariri girma ba.

Aikin marigayi ɗaya ne: idan ƙwayar zarra ta gifta ta bar ɗigon haske, ya faɗi daidai lokacin da ta wuce. Kafin mutum ya yi niyyar ƙifta ido, shi har ya gani, ya shaida, ya koma ya yi tsit. Ba shi da cin wuta, ba shi da ƙorafi, kuma ba a san muryarsa ba sai "ƙit, ƙit" ta ƙaramar lasifika. Da lokacinsa ake gwada sauran idanun ɗakin. A kan shaidarsa kaɗai Yaya Duhu ta gina kundin digirinta na shekaru.

Ƙwayoyin da yake shaida su ne suka ci shi a hankali. Ya fara ganin haske cikin akwati rufe ruf, inda babu ko ɗigo. Yaya Duhu ta sanyaya shi, ta rage masa wuta, ta ɗumama shi a tanda ko zai farfaɗo, har ta roƙe shi kamar mai ji. Ina! "Ƙit, ƙit" ta rikiɗe ta zama "shuuu" mara yankewa. Rai ya yi halinsa a makon da malaman jarrabawa suka ce sai an maimaita awon a gabansu, kuma da idon nan dai.

Ya rasu ya bar ƙanne da dama, wato sauran idanun ɗakin, da yanzu ba su san ƙarfe nawa ba, da shugaban ɗaki da ya daina haɗa ido da kowa, da uwar Yaya Duhu, tsohuwa a gida, wadda tuni ta ɗinka kayan zuwa bikin yaye ɗalibai.

Ba za a yi masa wanka ba, ba za a taɓa shi ba, domin gawar ta sha gubar ƙwayoyin nan. Gobe da hantsi jami'in tsaro zai ɗauke shi da hantsaki ya kulle a akwatin dalma. Yaya Duhu za ta karɓi gaisuwa a bakin labule. Tana roƙon mai zuwa ya yi addu'a ya wuce, don girman Allah kada ya tambaye ta yaushe za ta gama.